Idan Maki Bai Kai Ba: Shirin Zama na Biyu ga Matasan Diffa

Daga Diffa zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 1,360 ce. Duk matashin da ya hau wannan hanya don ya zauna jarrabawar shiga makarantar koyon kasuwanci da gudanarwa, ya ratsa Maine-Sorowa da Gure da Damagaram da Maraɗi da Ƙonni da Doso, ya san kuɗin motar nan ba tsintar su aka yi ba. Wani buhun tattasai aka sayar, wani akuyar inna ce ta tafi kasuwa. Shi ya sa ranar da sakamako ya fito aka ga maki bai kai ba, zafin yakan zama biyu: ga baƙin cikin faɗuwa, ga nauyin haɗa ido da mutanen gida.

Daga nan sai a rabu gida biyu. Wasu su ce ba rabonsu ba ne, su koma shago ko bakin kogi. Wasu kuma su ɗaura ɗamara su ce baɗi sai sun ci, su ɗauko littattafan da suka karanta bara, su sake karanta su yadda suka karanta su bara, abin da ya ƙaru kawai shi ne hana ido barci. A ganina na biyun sun fi ban tausayi, domin shekara guda cur za su kashe su je su karɓo makin da suka bari.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi a kan ilimin noma da muhalli, kuma hakan ya dace da yankin da ke rayuwa da kogin Komadugu da Tafkin Cadi. Amma wanda ke son ilimin akanta ko banki ko tafiyar da kamfani, yawanci sai ya yi ƙaura. Akwai Jami'ar Tawa da sashenta na tattalin arziki da gudanarwa, akwai Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar ENA a Yamai, akwai CESAG a birnin Dakar na Senigal, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Masu Ingilishi a baki sukan leƙa Maiduguri. Manyan makarantun Faransa da yawa suna neman makin TAGE MAGE, na Amurka da Ingila kuma GMAT, ko da yake hanyar Faransa ta ƙara tsauri tun da ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Ba duka waɗannan ƙofofi ake shiga da jarrabawa ba, amma waɗanda aka fi rububi ana tankaɗe da rairaya kafin a shiga.

Abu na farko da ɗalibi zai gane shi ne konkur, wato jarrabawar shiga, ba bak ba ce. A bak, idan ka kai 10 bisa 20 ka haye, ko mutum nawa suka haye tare da kai. A konkur kuwa kujeru aka ƙidaya, kuma da sauran mutanen da ke cikin zauren kake kokawa. Bak tana tambayar abin da ka haddace a shekara. Jarrabawar makarantun kasuwanci tana auna yadda kake tunani agogo na tafiya. TAGE MAGE tambaya 90 ce cikin awa 2, an kasa ta kashi 6, kowane kashi tambaya 15 a minti 20, babu na'urar lissafi, kuma cikakken maki 600 ne. Idan ka raba, daƙiƙa 80 ke gare ka a kan kowace tambaya. GMAT a sabon tsarinta na ƙarshen 2023 tambaya 64 ce cikin awa 2 da minti 15, maki daga 205 zuwa 805, kuma kwamfuta na ƙara ko rage wuyar tambaya gwargwadon yadda kake amsawa. Wanda ya shirya wa irin wannan da hadda, ya shirya wa wata jarrabawa ce daban.

Jimillar maki ba ta gaya maka komai sai cewa ba ka kai ba. Aikin farko bayan an huce, a ce mako ɗaya ko biyu, shi ne a farfasa ta. Idan takardar sakamako ta nuna makin kowane kashi, to an rage maka aiki. Idan ba ta nuna ba, nemi tsofaffin tambayoyi, ka zauna da agogo ka yi su tun daga farko har ƙarshe, sannan ka bi waɗanda ka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A sayi kaye sabo don wannan kaɗai. Kowace tambaya a rubuta dalilin faɗuwa a gefenta: ban san ƙa'idar ba, ko na san ta amma ban fahimci Faransancin tambayar ba, ko na fahimta na yi garaje, ko kuwa lokaci ne ya ƙare ban ma kai gare ta ba. Kowanne maganinsa daban. Wanda lokaci ya ci bai buƙatar sabon littafi, wanda kuma bai san ƙa'idar kaso cikin ɗari ba, ko ya yi gwaji ɗari da agogo ba abin da zai ƙaru sai takaici.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai “kaina ba na lissafi ba ne”. A Diffa wannan magana ba ta da kai. Je ka kasuwar tattasai ka tsaya kusa da yaron dillali. An faɗi farashin buhu da naira, mai kaya yana so ya ji shi da sefa, kuma a bakinmu sefa ma da dala ake ƙirga ta, dala ashirin a baki, 100 a takarda. Yaron nan zai juya naira zuwa sefa a kan canjin ranar, ya cire la'ada, ya cire kuɗin ɗauka, ya faɗi abin da ya rage kafin ka lalubo wayarka daga aljihu. Ninkawa da rabawa da kaso duk ya yi su a kai. Abin da ke kayar da irin wannan yaro a zauren jarrabawa shi ne rigar da aka sa wa lissafin: doguwar jimlar Faransanci da tarkon da aka binne a cikinta.

Ga misali daga kashin TAGE MAGE da ake kira sharuɗɗa mafi ƙaranci, wanda GMAT ma take da irinsa. Ana tambaya: nawa ne kuɗin buhun tattasai guda? Sai a ba ka bayani biyu. Na ɗaya: buhu 3 haɗe da kuɗin mota jaka 5 sun kama jaka 95. Na biyu: kuɗin buhu guda ya ninka kuɗin mota sau 6. Ba amsar ake nema ba, so ake ka faɗi wane bayani ne ya isa a gano ta. Na ɗaya shi kaɗai ya isa: cire 5 daga 95, raba 90 gida 3. Na biyu shi kaɗai bai isa ba, domin bai faɗi kuɗin motar ba. Amma ɗalibin da ya riga ya karanta na ɗaya, jaka 5 ɗin nan na nan maƙale a kansa, sai ya ninka ta sau 6, ya ga 30, ya ce kowanne ya isa. Lissafinsa daidai, amsarsa kuskure. Ba a koyon kauce wa wannan rami sai an faɗa cikinsa sau da yawa a gida, inda faɗuwa ba ta da tsada.

Sai maganar harshe, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan maki ke zubewa. Yaron Diffa da Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci ko Larabci ya tashi, ya tsinci Hausa a kasuwa, Faransanci kuwa sai a lakkol. Ko da yake kundin mulkin ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki, takardar jarrabawar Dakar ko ta Faris ba ta canza ba. Wanda sai ya maimaita sakin layi sau biyu kafin ya kama ma'anarsa, rabin daƙiƙa 80 ɗinsa ya tafi tun bai fara tunani ba. Wannan ba ya gyaruwa a mako biyu. Magani shi ne karatun yau da gobe: shafi ɗaya na jarida ko rahoton tattalin arziki kullum, a rufe, a faɗi abin da marubucin yake nufi a jimla biyu, da hujjar da ya kafa. A kula musamman da ƙananan kalmomin da ke juya magana, masu ma'anar “sai dai”, “duk da haka”, “in ban da”, “aƙalla”. A kansu masu tsara tambaya suke ɗana tarko.

Dole kuma a faɗi wata gaskiya. Waɗanda ke zaman konkur yanzu su ne yaran da ke firamare ko koleji lokacin da Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa a watan Fabrairu na 2015. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an dakatar da cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci, makarantu sama da ɗari sun rufe, iyalai sun bar ƙauyukan bakin kogi sun kafa bukkoki a gefen kwalta. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara nata. Yaron da ya rasa wata shida a shekarar da ake koyar da ɓangarorin lamba da kaso, ramin nan yana nan ko ya ci bak. Ba abin kunya ba ne mai digiri ya ari littafin lissafin ƙanensa na koleji ya yi wata guda a kansa. Abin kunya shi ne a sake biyan kuɗin mota zuwa Yamai da ramin a buɗe.

To yaya za a yi karatun? Masana halayyar ƙwaƙwalwa sun daɗe a kan wannan tambaya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka koya yana zubewa ne a kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna ba tare da sun duba ba. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Wani abin lura shi ne masu maimaitawar sun fi amincewa da cewa za su tuna. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta iya. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu 10, suka sa gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki a sama, maimaita karatu da ja wa layi alƙalami mai launi a ƙasa.

Mutumin ƙasar Barno bai kamata wannan ya zame masa baƙon labari ba. A tsangaya ba a yarda gardi ya iya allonsa don ya daɗe yana kallon sa. Sai ya kife shi ya kawo da ka a gaban alaramma, sannan a ba shi izinin wankewa, kuma bayan an wuce wurin sai ya dawo ya yi tishi. Haka za a yi wa ƙa'idar lissafi da ta nahawu: a rufe littafi a rubuto, a dawo kanta bayan kwana biyu, a sake dawowa bayan mako. Awa biyu kullum na wata huɗu sun fi kwana goma na rashin barci, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana.

Gwajin cikakkiyar jarrabawa kuwa, sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, amma a yi shi da gaske. Ba a fada ba, inda ake zuba shayi na ɗaya ana jiran na biyu, waya na ƙara a gefen tabarma. A nemi aji ranar da ba lakkol, a zauna a kan benci da safe, a ba wani agogo ya riƙe, idan minti 20 ya cika ya ce a ajiye alƙalami, ko da saura kalma ɗaya. A nan ake koyon abin da ya fi wuya ga ɗalibi mai ƙoƙari, wato barin tambaya. Wanda ya saba zama na ɗaya a aji yana ganin tsallake tambaya kamar zubar da girma ne, sai ya kashe minti biyar a kan guda ɗaya, huɗu masu sauƙi na jiran sa a ƙasan shafi. A kuma karanta dokar jarrabawar ta bana da kyau, a san ko ana rage maki a kan amsar kuskure, domin shi zai nuna ko a yi canke ko a bar wurin fari.

Kada a yi gaggawar komawa. GMAT tana yarda a sake zama bayan kwana 16, har sau 5 cikin wata 12, amma kowane zama ya haura dala 200 na Amurka, kuma kwana 16 ba sa cike ramin shekaru. Alamar cewa lokaci ya yi ita ce gwaji biyu ko uku a jere sun kai makin da ake nema. Konkur ta gwamnati kuma tana da iyakar shekaru, don haka a duba wannan tun yanzu. Takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa a tanade su da wuri, musamman ga wanda nasa suka salwanta a gudun hijira; takardar shaidar rashin laifi ta kotu kuwa wata 3 take yi, kada a karɓe ta tun da sauran nisa. Sannan a isa garin jarrabawa da kwana biyu a hannu. Wanda ya sauko daga motar Diffa da dare ya shiga zaure da safe, gajiya ta riga ta ci masa wani kaso.

Kirana na ƙarshe ga ƴan Diffa da suka riga suka haye ne, ma'aikatan banki da na baitulmali da na ƙungiyoyin agaji, waɗanda tsofaffin takardun konkur ke kwance a akwatunansu. Ku fito da su a yi musu hoto a raba wa ƙannenku. Wanda ke gari a cikinku ya ba da safiyar Asabar ɗaya a wata, ya riƙe musu agogo, ya zauna da su a bi kurakurai ɗaya bayan ɗaya.