Kibiyar Saƙa Mai Igiya: Abin Dubawa Kafin Ki Biya Kuɗi



Ga kaka ta yi, an kai amfani gida, hazo ya fara sauka. Daga Saulawa zuwa Ikara, Makarfi da Kudan, kowace uwa ta san abin da ke tafe, watau ɗarin nan da kan kama tun Nuwamba, ba ya saki sai Fabrairu ta yi nisa. Yanzu ne masu saƙa ke karɓar aikin hular sanyi da safa da suwaitar jarirai. Saboda haka a wannan mako za mu yi magana a kan wata irin kibiyar saƙa wadda da yawanku kun gan ta a hotunan waya, waɗansu ma har sun fara tara kuɗinta.

Kibiyar da muka saba da ita miƙaƙƙiya ce. Da ita akan saƙa gaban riga daban, baya daban, sa'an nan a bi da allura a haɗa. Ita kuwa wannan, gajerun kibiyoyi biyu ne aka haɗa gindinsu da siririyar igiya mai laushi. Saƙar tana ta zagayawa kamar ginin rumbu, har hula ko riga ta fito ba ɗinkin da zai goge fatar jariri. Nauyin aikin kuma a cinyarki yake zama, wuyan hannu ya huta. Dabarar ta daɗe, gama tun 1918 aka yi mata rajista a Amurka. Akwai wadda aka manne mata igiya har abada, akwai kuma wadda akan kwance kan a ɗaura wani, a sake igiya doguwa ko gajera. Ta biyun ce ake sayarwa a jere cikin 'yar jaka, ita ce kuma mai cin kuɗi.

Abin da za ki fara dubawa shi ne mahaɗi, inda kai ya sadu da igiya. Suwaitar babban mutum da zaren ulu matsakaici takan ɗauki madauki wajen 220, kowannensu kuwa sai ya ƙetare mahaɗin nan a kowane zagaye. To, ki ɗaura kan, ki naɗa zare a igiyar, ki tura shi ya hau. In ya sarƙe ko sau ɗaya, ajiye ta kome kyanta. Na kamfanin KnitPro na Indiya da na ChiaoGoo murɗa su ake yi, kuma suna zuwa da ɗan makulli kamar fil wanda akan zura a wani ɗan rami a ƙara tamkewa. Kada ki raina shi. Wadda ta murɗa da yatsa kawai, wata rana tana tsakiyar aiki kan zai fita, aikin mako guda ya zube mata a cinya, ga suna ya matso. Na Addi na Jamus dannawa ake yi a juya, ba su bukatar makulli. Ki sani kuma, yawanci kan wani kamfani ba ya shiga igiyar wani.

Na biyu, lamba. Nan ne mata da yawa ke yin hasara. A tsohon lissafin Ingila, wanda ke cikin littattafan saƙa na iyayenmu, lamba 8 kaurinta milimita 4 ne, kuma lamba na hawa kibiya na sirancewa. A lissafin Amurka kuwa lamba 8 milimita 5 ce, milimita 4 ita ce lamba 6. Kin ga in kin ce a aiko miki da lamba 8 kurum, ba ki san abin da zai zo ba. Lalle ki riƙa faɗin milimita. A jikin takardar ƙullin zare akan rubuta kaurin kibiyar da ta dace da shi. Zare matsakaici milimita 4 yake so, na jarirai siriri kuwa 3 ko 3.25.

Na uku, tsawo. Ana auna shi daga tsini zuwa tsini, ba igiyar kaɗai ba. Santimita 40 ta hula ce, 60 ta rigar yaro, 80 ta suwaitar babba, 100 ta mayafin jariri. Ka'idar ita ce, kada kibiya ta fi kewayen aikin tsawo. Kawunan da aka fi sayarwa wajen santimita 13 ne, ba sa tanƙwaruwa su yi da'irar 40, sai gajeru masu santimita 10. In hula ce sana'arki, tambayi wannan tun kafin ciniki. Kan sabon jariri kuwa wajen santimita 35 ne, don haka ko ta 40 ta yi wa hularsa yawa. Sai ki ɗauki ta 80, ki raba madaukan biyu, ki jawo rarar igiyar waje ta tsakaninsu.

Na huɗu, abin da aka yi kan da shi. Na ƙarfe yana da santsi da sauri, yana kuma daɗewa, ya dace da ƙwararriya. Na gora ko katako yana riƙe zare, madauki ba ya sulluɓewa, ya fi kyau ga mai koyo, amma siririnsa yakan karye in yaro ya zauna a kai. Igiyar roba da ta nannaɗe ta ƙi miƙewa, tsoma ta a ruwan ɗumi ki miƙar, kada kuma ki bar ta a rana.

Zaren ulu dai ana samunsa a kasuwar Sabon Gari ta Zariya da ta Kano, amma irin wannan jaka sau da yawa ta intanet ake aikowa da ita. Kada ki yi cinikin biri a sama. Mai sayarwa ya gaya miki milimitar kowane kai, da tsawonsa, da yawan igiyoyin, da ko akwai makulli. Shawarata, ki fara da kai biyu na milimita 4 da igiya ta 80, ki saƙa riga ɗaya da su tukuna, don sai an gwada akan san na ƙwarai. In ta yi miki, sai ki ƙara na kamfanin nan kaɗan-kaɗan daga ribar saƙarki. Ko kuwa ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayi jaka ɗaya, kowa da igiyarta, tun da ba wadda ke aiki da kai goma a lokaci guda.

Ke kuma 'yar makaranta, kada ki matsa wa iyayenki. Miƙaƙƙiyar kibiya ta ishe ki koyo, sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa wa aikin hannunmu albarka, amin. Sai mako mai zuwa.