Kafin ka ba magini jingar makewayi

A Burkusuma mutum kan zuba abin da ya tara a zaure da ɗakin amarya, makewayi kuma sai abin da ya rage. Shi ake turawa can ƙuryar gida, a kewaye da zana ko guntuwar katanga, ba a sake tunawa da shi sai ranar da ruwan Agusta ya rufta da bakin salga. Ni da na tsaya a kan gyaran na gidanmu tun daga haƙa har shafe, na tabbata babu ɗakin da ya kai shi bukatar magini na ƙwarai, domin rabin aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya sa maganar ta zama dole ba ɓoyayye ba ne ga duk mutumin ƙasar Sabon Birni da Isa. Rashin tsaro ya koro 'yan uwa daga ƙauyuka, gidan mutum 8 ya koma na 20, ramin da aka haƙa don iyali ɗaya yana ɗaukar na uku. Fita bayan gari da dare kuwa, ga mace ko yaro, ya zama sayar da rai. Ga kuma amai da gudawa: a 2021 cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. Hanyarta sananniya ce, daga bayan gida zuwa ruwan sha.

Magini ba a bakinsa ake zaɓensa ba. Ka ce ya nuna maka makewayin da ya gina wanda ya ci damina biyu ko uku, ka je da ƙafarka. Dubi gindin katanga ko ya jiƙe ya fara zubar da gishiri, dubi daɓen ko ya tsage, sannan ka tambayi matan gidan ta hannun maigidansu, domin su ne ke sharar wurin kullum, su suka san inda ruwa ke kwanciya.

Wanda muka ba aikin dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ranar da ya zo bai taɓa zancen kuɗi ba. Ya gaida mahaifiyarmu, ya ce, "Inna, ina rijiyarku? Ta maƙwabta fa, ta wane gefe take?" Ya auna da taku daga bakin rijiya zuwa inda muke son sabon rami, ya girgiza kai, ya matsar da shi can kusurwar yamma. Sannan ya karɓi bokiti, ya sheƙa ruwa a ƙasa, ya tsuguna yana kallon inda ya nufa. A nan hankalina ya kwanta da shi. Abin da ya auna da ƙafa shi ne abin da masana tsabta ke faɗa: a bar kimanin mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. A gidajen da ke kusa da fadama, inda ruwa ke tasowa da damina, wannan yana nufin rami marar zurfi sosai, a ɗaga bakinsa sama. A jigawa kuwa matsalar zaftarewa ce, don haka ramin ya zama zagayayye, a ɗaure cikinsa da bulo, a bar 'yan ƙofofi daga ƙasa don ruwa ya tsotse, a toshe na saman sarai.

Kafin dattijon nan, wani matashi da ya koyi aiki a birni ya zo mana da hotuna a waya: tayil har sama, masai na zama mai tankin ruwa. Abin gwanin kyau, amma lissafi ya hana ni. Kowace kora ɗaya tana cin lita 6 zuwa 9, jarkar 'yan ga-ruwa kuma lita 25 ce. Ke nan jarka guda ba ta wuce shiga uku ko huɗu ba. Gidan da ba famfo, irin wannan masai cikin wata guda zai zama abin gudu. Na tsugunno da ake korawa da buta ya fi dacewa da mu, ko kuma salga mai bututun iska, wadda Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu cikin shekarun 1970. Dabararta mai sauƙi ce. Ana kafa baƙin bututu daga ramin ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iska da zafin rana su ja wari sama, ƙuda kuma ya bi haske ya hau bututun, raga ta tare shi. Sharaɗinta, cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu. In maginin bai san amfanin ragar nan ba, bai taɓa yin irinta ba.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ya fi lalacewa. Aikin yini yana ja, jinga kuma tana sa gaggawa. Na fi son jinga a kan aikin hannu kawai, kaya kuma mai gida ya saya da kansa. Simintinmu daga Kalambaina yake zuwa, masana'antar BUA da ke gefen Sakkwato, amma kafin buhu mai kilo 50 ya biyo hanyar Goronyo ya iso nan, kuɗin mota da kasadar hanya sun hau kansa, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Maginin da ya karɓi jinga har da kaya, in farashi ya tashi a tsakiyar aiki, ko dai ya dawo neman ƙari ko ya rage siminti ya ƙara yashi, kuma ba za ka gani ba sai bayan shekara. Ka sayi abin da za a cinye cikin 'yan makonni, ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa, domin danshi na daskarar da shi.

A rubuta yarjejeniya, ko da boko ko da ajami, a gaban mai unguwa ko liman: zurfin rami, faɗin ɗaki, wa zai kawo ruwa, wa zai biya lebura, wa zai kwashe ƙasa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya daki-daki, bayan haƙa da ɗauri, bayan murfi, bayan gini. Kai ma kuma mai gida akwai naka nauyin. In lokacin biya ya yi, ka biya a ranar, domin leburan nan da abin da suka samu da yamma ake ɗora tukunya a gidajensu.

Ranar zuba murfin rami kada ka je ko'ina. A idonka za a jera rodi, a idonka za a auna: kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Bayan nan a yi ta ba shi ruwa kwana 7, a rufe da buhu kada rana ta ƙona shi, kuma kankare ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A kan wannan murfin 'ya'yanka za su tsuguna.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an tambayi masu shiga. Inna ce ta ce kada a sa mata tayil mai santsi, sai aka yi daɓe mai kaushi, aka kafa ƙarfe a bango inda za ta dafa saboda gwiwa, aka yi mata ɗan dakalin zama wurin wanka. Ita ce kuma ta tuna mana a juya mazaunin ya dubi kudu ko arewa, kada a fuskanci alƙibla ko a ba ta baya. Ruwan wanka aka raba shi da salga, aka haƙa masa nasa ramin aka cika da duwatsu, don kada ya cika babban rami da wuri, kada kuma ya fita rariya ya zama kwatar sauro a ƙofar maƙwabci.

Kason ƙarshe na kuɗin mun yi sharaɗi tun farko cewa sai an gwada. Da daɓe ya bushe, a zuba bokiti biyu a kusurwa mafi nisa, ruwan ya bi ta magudana gaba ɗaya ba tare da an sa tsintsiya ba. In ya kwanta a wani wuri, magini ya gyara da simintinsa kafin ya karɓi cikon.