Sorayasis Ba Kuturta Ba Ce: Yadda Za A Lallashe Ta A Gida

'Yan'uwa, akwai wata cutar fata da likitoci ke kira sorayasis. A ƙauyukanmu kowa da sunan da yake ba ta. Wani ya ce makero ne, wani ya ce kirci, wani kuma da ya ga fatar ta yi ɓawo sai ya ce kuturta ce. Wannan suna na ƙarshe shi ke jawo wahala, domin daga ranar da aka faɗe shi mutane sukan daina miƙa wa mai ciwon hannu, a ware masa kwano, a majami'a ma a bar masa benci shi kaɗai.

Rikita cututtukan nan biyu ya daɗe a duniya. Sai a shekarar 1841 wani likitan fata a birnin Biyana, Ferdinand von Hebra, ya raba su sarai. A 2014 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa sorayasis babbar cuta ce mai daɗewa wadda ba a ɗauka daga wani. Ba a samun ta ta gaisawa, ko cin abinci tare, ko kwanciya a tabarma ɗaya, ko aure.

Abin da ke faruwa a jiki

Fatar mutum takan sabunta kanta cikin kusan wata 1. Ga mai sorayasis, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta sa fata ta riƙa haihuwa cikin 'yan kwanaki kaɗan. Sabuwa ta taso tsohuwa ba ta zube ba, sai su taru su yi tudu mai kauri da ɓawo fari-fari kamar toka. A baƙar fata wurin yakan yi duhu ko ruwan ƙasa, ba ja ba yadda littattafan Turawa ke nunawa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ma kan ɗauke ta wani abu dabam. Ta fi son gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙugu, wani lokaci har farce ya yi 'yan ramuka. Takan bi jini a wasu gidaje.

Ga babban bambanci. Tabon kuturta yakan mutu, a taɓa shi da auduga mutum bai ji ba. Tabon sorayasis yana ji, yana ƙaiƙayi, in an kankare shi yakan tsattsafo da jini. Duk wanda ya ga tabo marar ji a jikinsa ya tafi asibiti, maganin kuturta kyauta ne kuma ana warkewa.

Sorayasis dai ba ta da maganin da zai raba mutum da ita har abada. Takan lafa, ta yi watanni ko shekaru, ta sake tashi. Duk mai ganyen da ya ce zai tumɓuke ta daga saiwa in an kawo akuya, akuyar yake so. Abin da ake iya yi shi ne a kwantar da ita, kuma yawancin wannan aiki a gida ake yin sa.

Mai, ruwa da rana

Cikin duk abubuwan gida babu kamar mai. Busasshiyar fata ita ke tsagewa, ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi. Man kaɗe da matanmu ke yi da hannunsu ya isa, in dai tsantsa ne ba a zuba masa turare ba. Man kwakwa ko Vaseline ma suna yi. Lokacin shafawa shi ne da zarar an fito wanka, kafin jiki ya gama bushewa, domin man ya rufe ruwan a cikin fata. A shafa sau 2 ko 3 a rana, a ƙara a lokacin hunturu, don a wannan lokaci ne mutane da yawa ke ganin ciwon ya tsananta. Inda ɓawon ya yi kauri sosai, a lafta man da dare, a ɗaure da tsumma mai tsabta, da safe ɓawon zai yi laushi ya fita da kansa. Haka ake yi wa fatar kai: a shafa mai a kwana da shi, da safe a wanke, a taje a hankali.

Wanka kuwa da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. A nan ne da yawa ke kuskure. Ganin ɓawon kamar datti, sai a ɗauko soso da dutsen goge kaushi da sabulun wanki a dirje. Ita wannan cuta tana da wani hali: duk inda fata ta ji rauni, nan sabon tabo ke iya fitowa bayan kwana 10 zuwa 20. Saboda haka dirza, da sosa da farce, da tsaga, da ƙaho, duk suna ƙara mata fili ne. In ƙaiƙayi ya dame ku, ku jiƙa tsumma da ruwan randa ku ɗora a wurin, ku kuma yanke farce.

Hasken rana yana rage saurin haihuwar fatar, har a manyan asibitoci akwai fitila ta musamman da ake haska wa masu ciwon. Mu kuwa rana ba ta yi mana wuya. A buɗe wurin ya sha hantsi na minti 10 zuwa 15, a ƙara kaɗan-kaɗan. Kada a bari ta ƙona fata, ƙuna ma rauni ce.

Ana yawan tambaya a kan alobera da kurkum. Ruwan cikin ganyen alobera yana sanyaya wuri, wasu sun ji sauƙi, wasu ba su ga canji ba. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Kurkum a miya ba laifi, amma kada a kashe kuɗin hatsi a kansa. Su kananzir, baƙin mai, ruwan batir, toka da dakakkiyar tafarnuwa kuwa, ƙona fata suke yi, kada a kusance su.

Abin da ke tayar da ita

Giya, har da burkutu, da taba suna ƙara mata ƙarfi, haka ma ƙiba. Damuwa ma haka, kuma mutumin da aka ƙaurace masa ba ya rabuwa da damuwa. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata suna da abin yi a nan: su fara miƙa hannu a gaban jama'a, saura za su bi. A wurin yara, ciwon maƙogwaro kan jawo ƙananan tabo kamar ɗigon ruwa a ƙirji da baya bayan mako 2 ko 3. Wasu magunguna ma kan tayar da ita, kamar kulorokwin da wasu magungunan hawan jini. Kada ku daina maganin hawan jini da kanku, ku dai gaya wa likita kuna da wannan ciwo.

Mu yi hankali ƙwarai da man shafawa na kwali da ake sayarwa a kasuwa da kemis, musamman na bilicin. Da yawa suna ɗauke da sinadarin siteroyid mai ƙarfi. A makon farko tabon zai kwanta kamar an yi mu'ujiza. In aka daɗe ana shafawa fata ta yi siriri, ranar da aka bari kuma ciwon ya dawo fiye da dā. Likita ma yana ba da irin wannan mai, amma da awo da adadin kwanaki. Ƙwayar firedinisolon da ake saya ba takarda ta fi haɗari.

Akwai lokacin da man kaɗe ya gama nasa. In gaɓoɓi sun fara kumbura, ko yatsa ya cika kamar rogo, ko bayan mutum ya sage da safe, cutar ta shiga gaɓoɓi ke nan, jinkiri kuma na iya lanƙwasa su har abada. In fata ta yi zafi a kusan duk jiki, ko ƙuraje masu ruwa fari sun feso tare da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Babban mutum da ciwon ya auka masa farat ɗaya da ƙarfi, ya nemi gwajin ƙanjamau, don yakan zo da haka. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta magani, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake ba masu ciwon mai tsanani, metotireksat, yana lahanta ɗan da ke ciki.