BABI NA UKU: ƊAƊƊOYA A MATSAYIN MAGANIN GIDA A ƘASASHEN ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda suke yammacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. A wannan babi kuwa za a yi bayani a kan ɗaɗɗoya, ɗaya daga cikin tsirran da ake shukawa a cikin gida domin magani. Za a dubi ma'anarta da ire-irenta, da yadda ake shuka ta, da yadda ake ɗibarta a adana, da kuma hanyoyin sarrafa ta. Daga ƙarshe za a nuna inda ya kamata wannan magani ya tsaya, ta yin la'akari da annobar gubar dalma ta shekarar 2010, domin annobar ta shafi ƙasar da ake shuka a kanta da turmin da ake daka magani a cikinsa.

3.1 Ma'anar Ɗaɗɗoya da Ire-Irenta

Ɗaɗɗoya, wadda wasu ke kira ɗoɗɗoya, wani tsiro ne mai ƙamshi da ake gane shi da zarar an murza ganyensa. Karanta yana da kusurwa huɗu, ganyayenta kuma suna fitowa ne biyu-biyu suna fuskantar juna. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa, ya kawo sunanta a cikin littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa na shekarar 1916. Ana iya kasa ɗaɗɗoyar da aka fi sani gida biyu kamar haka:

(i) Ɗaɗɗoya ta gida. Wannan ita ce masana kimiyyar tsirrai ke kira Ocimum gratissimum. Tana da faɗin ganye, tsawonta yakan kai ƙirjin mutum ko ya wuce, kuma tana yin shekaru a raye muddin tana samun ruwa. Ita ce Yarabawa ke kira efirin.

(ii) Ƙaramar ɗaɗɗoya, wato Ocimum americanum. Wannan tana fitowa ne da kanta da damina a juji da kufai da gefen gonaki. Ganyenta ƙanana ne, ba ta cika wuce gwiwa ba, kuma tana bushewa idan rani ya shigo.

Ɗaɗɗoya dangi ɗaya take da na'ana'a, da kuma wani tsiro da littattafan ɗibbu na Larabci ke kira zufa. Asalin zufa daga kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya ne, kuma likitocin da, irin su Ibn Sina, sun ambace ta cikin magungunan tari da ciwon ƙirji. Bahaushe bai saba shuka zufa ba. Gurbin da ta cike a lambunan waɗancan ƙasashe, shi ne ɗaɗɗoya ta cike a tsakar gidan Bahaushe.

3.2 Yadda Ake Shuka Ɗaɗɗoya

Galibi mata ne ke shuka ɗaɗɗoya ta gida, kasancewar su ne ke fara lura da rashin lafiyar yaro, kuma su ne ke buƙatar ganyen a wurin girki. Akan zaɓi wurin da rana ke samu, kusa da randa ko inda ake alwala, domin shukar ta riƙa amfana da ruwan da ke zuba. Ba ta son wurin da ruwa ke kwantawa, saboda saiwarta na ruɓewa. Masu noman lambu a fadamun Gulbin Zamfara, kamar na wajen Gummi, suna iya jera ta a gefen fangali tare da kayan miya. Hanyoyin shuka ta guda biyu ne.

Hanya ta farko ita ce ta iri. Idan furen ya bushe akan murje shi a tafin hannu, sai ƙananan ƙwayoyi su zubo. Za a kaftu ƙasa, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, a barbaɗa irin a sama, sannan a rufe da 'yar ƙasa kaɗan. Idan aka binne shi da zurfi ba zai fito ba saboda ƙanƙantarsa. Yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya yi kamar tsawon yatsa sai a cire a dasa, a bar tazarar kamu ɗaya zuwa biyu tsakanin shuka da shuka.

Hanya ta biyu ita ce ta dashen reshe. Akan yanko reshe mai ƙwari kamar tsawon taƙi ɗaya, a cire ganyen da ke gindinsa, a kafa shi a ƙasa mai danshi, a yi masa 'yar inuwa har ya kama. Wannan hanya ta fi sauri, kuma ita ce ke sa ɗaɗɗoya yaɗuwa daga gida zuwa gida, domin maƙwabciya kan roƙi reshe a wurin maƙwabciyarta.

Lokacin da ya fi dacewa da shuka shi ne farkon damina, wato wajen watan Yuni, domin shukar ta yi ƙarfi kafin ruwa ya ɗauke a watan Satumba ko Oktoba. Da hunturu da bazara wajibi ne a riƙa yi mata ban ruwa, in ba haka ba za ta kaɗe. Haka kuma akan kewaye ƙaramar shuka da ƙaya ko kara saboda tonon kaji. Bugu da ƙari, akan riƙa tsinke kan reshe kafin ya yi fure, domin yin haka yana sa ta yi rassa da yawa, ganye ya ƙaru.

3.3 Ɗiba da Adanawa

An fi son a tsinki ganyen da safe, kafin rana ta yi zafi. Ƙamshin ɗaɗɗoya yana fitowa ne daga wani mai da ke cikin ganyen, kuma wannan mai zafi yana kore shi. Saboda haka ne ake shanya ganyen a inuwa, a kan faifai ko tabarma mai tsabta, ba a tsakiyar rana ba. Idan ya bushe sai a zuba a cikin kwalba ko gwangwani mai murfi. Ganyen da ƙamshinsa ya gushe, ƙarfinsa ma ya ragu ke nan. Masu hikima sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka akan adana busasshen ganye tun da kaka domin murar hunturu.

3.4 Hanyoyin Amfani da Ɗaɗɗoya

Hanyoyin da aka fi sani su ne:

(a) Dafawa a sha. Akan tafasa ganyen a tace, a sha da ɗumi, domin masassara da ciwon ciki da kumburin ciki da zawo.

(b) Sirace. Mai mura ko toshewar hanci yakan lulluɓa da mayafi a kan tukunyar da aka tafasa ganyen, ya shaƙi tururin.

(c) Murzawa a shafa. Akan matse ruwan ɗanyen ganye a kan ƙaramin rauni ko ƙuraje ko makero.

(d) Hayaƙi. Akan sa ganyen a garwashi da magariba domin korar sauro daga ɗaki.

(e) Abinci. Akan sa ta a miya da farfesu, musamman na mai jego da wanda ya tashi daga ciwo, domin ƙamshinta na buɗe ciki.

Binciken masana kimiyya ya nuna cewa man ɗaɗɗoya ta gida yana ɗauke da sinadarin yujinol, wanda shi ne ke ba kanumfari ƙamshinsa, ko kuma sinadarin taimol. An gwada man a ɗakunan bincike, an ga yana hana yaɗuwar wasu ƙwayoyin cuta, ciki har da masu haddasa zawo. Wannan ya nuna cewa sanin da iyaye mata suka gada yana da tushe. Sai dai abin da aka gani a ɗakin bincike bai zama hujjar cewa ganyen zai warkar da kowace masassara ba. Zazzaɓin cizon sauro, alal misali, yana buƙatar gwajin jini da maganin asibiti.

3.5 Gubar Dalma da Iyakar Maganin Gida

A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran sukan yi amai da ciwon ciki, sannan su shiga jijjiga. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai gwajin jini ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Dalili kuwa shi ne, duwatsun zinariyar da ake haƙowa a yankin suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo su cikin gari ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa. Ƙurar ta bazu a tsakar gidaje, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 5. An kankare ƙasar gidajen da suka gurɓata aka zuba sabuwa, aikin da ya isa Bagega a shekarar 2013.

Wannan al'amari ya shafi ɗaɗɗoya ta fuskoki biyu. Fuska ta farko ita ce ta alamomin ciwo. Ciwon ciki da zafin jiki na yaro su ne abubuwan da uwa ta saba dafa wa ɗaɗɗoya, jijjiga kuwa sau da yawa akan danganta ta da iska, a nemi hayaƙi ko abin shaƙawa. Amma ɗaɗɗoya ba ta fitar da dalma daga jini. Wannan aikin wani magani ne na musamman da likita ke bayarwa bayan an auna jinin yaro. Duk kwanan da aka ɓata ana jiran maganin gida ya yi aiki, gubar tana ƙara taɓa ƙwaƙwalwar yaro ne, kuma lahanin da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Fuska ta biyu ita ce ta tsabtar maganin kansa. Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma tafasawa ba ta kashe ta kamar yadda take kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka shuka ɗaɗɗoya a gidan da aka taɓa daka dutse, ko aka shanya ganyen a ƙasa, ko aka kirɓa shi a turmin da aka daka dutsen zinariya, to maganin zai koma hanyar shigar guba. Saboda haka, a garuruwan da ake wannan sana'a ya kamata a kiyaye waɗannan abubuwa: a shuka ɗaɗɗoya a cikin tukunya ko tsohon bokiti da ƙasar da aka ɗebo nesa da wurin niƙa da wurin wankin zinariya, a wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, a shanya shi a sama, a rufe, sannan a raba turmin abinci da magani da duk wani kayan aikin dutse.

Har ila yau, matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin ta sa zuwa asibiti ya yi wa mutanen ƙauye wuya, wanda hakan ke ƙara sa a dogara da abin da ke tsakar gida. Wannan ya ƙara wajabta sanin alamomin da ba a jinkiri a kansu. Idan yaro ya yi jijjiga, ko ya shiɗe, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko zafin jikinsa ya kwana bai sauka ba, to lamarin ya wuce na ɗaɗɗoya. Haka kuma ba a ɗura wa yaron da ke jijjiga wani ruwan magani, domin yana iya sarƙe shi ya shiga huhunsa.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ɗaɗɗoya tsiro ne mai sauƙin shukawa, wanda ke biyan buƙatar gida wajen mura da ciwon ciki da ƙananan raunuka da korar sauro, kuma kimiyya ta gaskata wani ɓangare na wannan amfani. An kuma ga cewa a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum ingancinta ya dogara ne a kan tsabtar ƙasar da aka shuka ta da kayan da aka sarrafa ta, da kuma sanin lokacin da ya kamata a garzaya da yaro asibiti. A babi na gaba za a dubi rawar da ungozomomi da wanzamai ke takawa wajen isar da wannan sani ga iyaye mata.