Ko Kun Sani?

A gasar Olamfik ta 2012 a Landan, 'yan ƙwallon kwandon Amurka sun yi wa D'Tigers ta Najeriya dukan kawo wuƙa, da maki 156 da 73. Tazarar maki 83 ke nan. Carmelo Anthony kaɗai ya zuba maki 37 cikin minti 14, ya koma benci ya zauna abinsa.

Bayan shekara tara, a watan Yulin 2021, suka sake haɗuwa a Las Vegas a wasan share fage na gasar Olamfik ta Tokyo. Najeriya ta ci 90 da 87, ƙarƙashin mai horarwa Mike Brown. Jifan nesa mai maki uku ne ya yi aikin, har guda 20 suka faɗa raga, Gabe Vincent na Najeriya kuwa ya ci maki 21. Kafin ranar babu ƙasar Afirka da ta taɓa doke Amurka. Wasan sada zumunta ne dai, amma an ji jiki.

Kofin Afirka kuwa sau ɗaya tak D'Tigers ta ɗauka, a Tunisiya a 2015, inda ta kayar da Angola 74 da 65 a wasan ƙarshe.