Sifok Ɗin Da Ya Saki Shi Ke Karyewa

Sifok ɗin keke siririyar waya ce, kaurinta bai wuce milimita biyu ba, ko yaro zai iya lanƙwasa ta da hannu. Amma idan aka jera 36 daga cikinsu tsakanin rim da hob, wato cibiyar ƙafar, aka ɗaure su yadda ya kamata, sai ƙafar ta ɗauki magidanci da buhun masara a kariya, ta bi da su hanyar ƙauye shekara da shekaru. Ƙarfin ba daga kaurin wayar yake zuwa ba, daga ɗaurinta ne, kuma a nan yawancin masu haɗa ƙafa a gida suke yin tuntuɓe.

Dabarar ta girmi keken kansa. Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, shi ya fara zana ƙafa mai wayoyi ɗaurarru a 1808, lokacin da yake neman ƙafa marar nauyi don jirgin saman da yake mafarkin ƙerawa. Eugène Meyer ya kawo ta kan keke a Faris a 1869, sannan a 1874 James Starley na garin Coventry ya fito da saƙar da ake yi har yau, inda wayoyin ke fita daga hob a karkace suna gittawa juna.

Mutane da yawa suna zaton hob yana rataye ne a jikin wayoyin sama, su ke ɗaukar nauyin. Wani injiniya ɗan Amurka, Jobst Brandt, ya warware wannan a littafinsa The Bicycle Wheel na 1981. Ya nuna cewa idan mutum ya hau keke, wayoyin sama da na gefe kusan ba sa canzawa. 'Yan ƙalilan da ke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa ƙasa, su ne ɗaurinsu ke raguwa. Ƙafa na juyawa, kowane sifok yana sassautawa idan ya zo ƙasa, ya sake ɗaurewa idan ya wuce. A ƙafa mai inci 28, wannan na faruwa sau 450 ko kusa da haka a kowace kilomita.

Daga nan sauran bayanin yake fitowa. Idan tun farko an ja sifok da ƙarfi, raguwar da yake yi a ƙasa ba ta kai shi ga saki. Idan kuwa ɗaurin kaɗan ne, duk zuwansa ƙasa sai ya saki gaba ɗaya, gwiwarsa da ke maƙale a hob ta yi motsi, notinsa ya samu damar warwarewa kaɗan-kaɗan. Ƙarfe yana gajiya da irin wannan motsi, wata rana sai a ji ƙas, ya karye a gwiwa. Mai keke ya ɗora laifin a kan rami ko a kan kaya, alhali wayar ta daɗe tana tsagewa. Masu gyara sun san cewa idan ƙafa ta karya sifok biyu ko uku a jere, sauran ma suna kan hanya, gara a sake saƙa ta baki ɗaya.

To, nawa ne ɗaurin da ya isa? Yawancin kamfanonin rim suna ba da shawarar jan da ya kai nauyin kilo 100 zuwa 120 a kan kowane sifok na ɓangaren da ya fi ɗauri. Wayoyi 36 masu irin wannan ja suna matse da'irar rim da ƙarfin da ya haura rabin tan, tun kafin kowa ya hau. Shi ya sa wuce gona da iri ma yana da nasa haɗari: rim na iya tsagewa a bakin ramukan noti, ko ya murɗe farat ɗaya ya ƙi komawa daidai.

Aikin kansa yana farawa ne da tsawon waya. Sai an auna rim da hob an yi lissafi, don kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya ɓata komai. Gajeren sifok ba ya shiga noti sosai, dogo kuma zarensa yana ƙarewa kafin ɗauri ya kai, ko ya leƙo ya huda tib. Saƙar da aka fi yi ita ce kowane sifok ya gitta uku, ya bi ta saman biyu ya ratsa ta ƙarƙashin na ukun. Saƙar da wayoyi ke fita tsaye ba gittawa tana da kyan gani, sai dai ba ta dace da ƙafar baya ba, inda ƙarfin feda ke murɗa hob, haka ma ƙafar da ke da birkin faifai. A kuma lura ramin bawul ya faɗo tsakanin wayoyi biyu da suka ba shi fili, in ba haka ba kan famfo ba zai shiga ba. Kafin a saka noti, a shafa ɗan mai ko giris a zaren da kuma inda notin ke zama a rim. Busasshen noti yana cijewa, ya sa mutum ya zaci ɗauri ya kai alhali da saura.

Sai haƙuri. Ana ɗaure kowane noti har zaren sifok ya ɓace, don duk su tashi daga wuri ɗaya, sannan a riƙa zagayawa daga bawul a dawo bawul, rabin juyi rabin juyi. Cikakken juyi ɗaya yana jan sifok da ƙasa da rabin milimita, amma idan ɗauri ya yi nisa, rubu'in juyi ma yana gusar da rim. Wanda ba shi da tsayuwar daidaita ƙafa sai ya kifa keken, ya ɗaura fensir a jikin fok kusa da rim, ya juya ƙafar ya ga inda take gogar fensirin. Inda rim ya karkata hagu, a ƙara ɗaure na dama a wurin, a ɗan sassauta na hagu. Inda ya yi tudu, a ɗaure ɓangarorin biyu tare. Karkatar da ba ta wuce rabin milimita ba, aiki ya yi kyau.

Sai dai ido yana ruɗi. Ana iya samun ƙafa tana juyawa santal, alhali wani sifok yana ɗauke da kilo 130, maƙwabcinsa na ɓangare ɗaya kuma 60. Irin wannan ƙafa ba ta wata guda sai ta fara rawa. Akwai ma'auni na musamman, kamar TM-1 na kamfanin Park Tool, wanda ke danna wayar ya nuna lanƙwasarta, a duba jadawali a san ɗaurin. Kamfanin ya ce kada wani sifok ya kauce wa matsakaicin 'yan ɓangarensa da fiye da kashi 20 cikin 100. Wanda ba shi da ma'auni yana da kunne. A taɓa kowane sifok da farce kamar tsirkiyar gurmi: na ɓangare ɗaya su ba da amo kusan iri ɗaya, mai kaifi. Wanda ya yi ƙasa-ƙasa ya saki, kuma galibi akwai maƙwabci a kusa da ke ɗauke masa kaya. Kunne yana nuna daidaito tsakaninsu, amma don sanin ko ɗaurin ya isa sai a gwada da wata ƙafa mai kyau mai irin wayar.

Ƙafar baya ta keke mai giya da yawa tana da nata rikici. Haƙoran giya sun cinye fili a dama, don haka wayoyin dama sun fi tsayuwa a miƙe kuma sun fi ɗauri, na hagu kuma sau da yawa ba sa wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ɗaurin dama. Ba kuskure ba ne, haka ginin yake. A kai na dama iyakar da rim ya yarda, na hagu su tsaya inda rim ya zauna tsakiya. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix marasa giya ba su da wannan matsala sosai, don ɓangarorinsu kusan ɗaya ne. A da, Turawan Ingila ma sun daɗe suna sa sifok 32 a gaba, 40 a baya, saboda baya ke ɗaukar mafi yawan nauyi, lissafin da duk mai ɗora jarkokin ruwa a kariya zai yarda da shi.

Abubuwa biyu ne suka rage, kuma su ake yawan tsallakewa. Na farko, noti na juyawa yana murɗa sifok ɗin kansa, musamman siriri. Maganinsa a wuce inda ake so da rubu'in juyi, a dawo baya. Ƙarar ƙis-ƙis da sabuwar ƙafa ke yi a hawan farko murɗin nan ne ke warwarewa, kuma yana tafiya da daidaiton da aka sha wahala a kai. Na biyu shi ne abin da Brandt ya fi nanatawa: a sa safar hannu mai kauri, a kama wayoyi bibbiyu na kowane ɓangare a matse su da ƙarfi, a zagaye ƙafar duka. Matsin yana kwantar da gwiwoyi a jikin hob, ya rage gajiyar da ke ɓoye cikin ƙarfen tun daga lanƙwasar masana'anta. Idan bayan matsin rim ya ɗan gusa, a daidaita a sake matsawa har ya daina. Idan kuwa ya yi manyan kwana-kwana, ɗaurin ya yi yawa, a rage kowane noti da rubu'i ko rabin juyi.

Rim ɗin da ya riga ya lanƙwashe a hatsari kuwa, sifana ba ta gyara shi. Ana iya tilasta shi ya miƙe ta hanyar ɗaure wasu wayoyi fiye da kima a saki wasu, amma waɗanda aka sakin nan su za su fara karyewa. Hanyar ganewa ita ce a sassauta wayoyin duka: idan rim ya ci gaba da zama a karkace ba tare da wani ja a kansa ba, sai dai a nemi sabo.