TUFFA MAI ƁURƁUSHI: ABINCIN KAKA NA MUTANEN INGILA

Kowace ƙasa da irin tata kakar. A Ingila idan an gama yankan alkama da sha'ir, Satumba ta kama, sai a shiga kakar tuffa. Daga nan har Nuwamba sanyi yana ƙaruwa, ganyayen itatuwa suna komawa ja da rawaya suna zuba, dare yana tsawo, har ya zama kafin ƙarshen Nuwamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. A wannan lokaci ne matan gida sukan gasa wani abinci mai zaƙi da ake ci bayan an gama cin abincin dare. Turawan Ingila suna kiransa kirambul, watau marmasasshe. Amurkawa kuwa suna ce wa nasu kirisif, watau mai garas-garas. Mu a nan za mu kira shi tuffa mai ɓurɓushi, domin abin da yake ke nan: yankakkiyar tuffa a ƙasa, ɓurɓushin fulawa da mai da sukari a bisa.

Wanda ya ga yadda mutanen Ingila ke ɗokin wannan abinci sai ya zaci daga gidan sarauta ya fito. Alhali kuwa abubuwa biyu ne suka raine shi, yawan tuffa da ƙarancin mai. Labarinsa labarin tattali ne, shi ya sa muka ga ya cancanci mu kawo wa masu karatu.

YAWA MA WANI NAUYI NE

Itacen tuffa yana son sanyi. In bai sha sanyin hunturu ya kaɗe ganyensa ya huta ba, ba ya yin fure sosai. Masana sun bi asalinsa har duwatsun Kazakistan, kusa da birnin Almati, inda kakanninsa na jeji suke tsirowa har yanzu. Daga can ya bi fatake ya bazu. A yau ƙasar Sin ce ke noma wajen rabin tuffar duniya, amma Ingila ta yi suna wajen yawan iri: a gonar Brogdale da ke lardin Kent an tara iri fiye da 2,000.

Gidaje da yawa a ƙauyukan Ingila suna da itace ɗaya ko biyu a bayan gida. Babban itace guda yakan ba da abin da ya fi ƙarfin cin iyali, kuma duk cikin 'yan makonni yake nuna. Waɗanda aka tsinka da hannu, ba su da tabo, akan naɗe kowace a takardar jarida, a jera su kan katako a ɗaki mai sanyi, ba a bari wata ta taɓa wata, gama wake ɗaya ke ɓata gari. Irin waɗannan sukan yi watanni. Amma waɗanda iska ta kaɗo suka bugu da ƙasa ba sa ajiyuwa, in an yi sakaci kwana kaɗan sun ruɓe. Har yanzu matafiyi yakan ga kwali cike da tuffa a ƙofar gida, an rubuta cewa mai so ya ɗiba kyauta. To, waɗannan bugaggun su ne uwargida ke fara kai wa wuta. Ta yanke wurin da ya ɓaci ta yar, sauran ta gasa.

ITACEN WATA YARINYA

Tuffar Ingila kashi biyu ce, akwai ta ci ɗanya, akwai ta dafuwa. Shugabar ta dafuwa ita ce wadda ake kira Bramley. Ƙatuwa ce, koriya, mai tsami ƙwarai, har wanda ya gatsa ɗanya sai ya yamutsa fuska. Amma da ta ji wuta sai ta narke ta yi laushi, tsamin nan kuwa shi ke hana sukari ya gundure mai ci.

A shekarar 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka 'ya'yan tuffa a gidansu a garin Southwell, cikin lardin Nottingham. Ɗaya ya tsiro ya girma. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. A 1856 wani saurayi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya roƙi mahaucin ya bar shi ya yanki rassa. Ya yarda, bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. A 1862 aka rubuta cinikin farko, guda uku sule biyu. Ita kuwa wadda ta yi shukar ta riga ta rasu tun 1852, ba ta ko ji labari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malamai masu lambun makaranta za su gane dalilin yankan rassan. In ka shuka ƙwayar tuffa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Sai dai a yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Saboda haka kowane itacen Bramley da ke duniya reshe ne na wannan itace guda na Southwell. A 1900 guguwa ta kayar da shi, ya sāke tohowa daga inda ya kwanta. A 2002 aka sa shi cikin manyan itatuwa 50 na ƙasar, don murnar cikar Sarauniya Elizabeth shekara 50 a gadon sarauta. A 2016 aka ba da labari cewa wata cuta mai cin saiwa ta kama shi, wadda ba ta da magani.

ZAMANIN RABO DA KATI

Tun da daɗewa abin da Turawan Ingila suka saba yi da tuffa shi ne fai. Akan kwaɓa fulawa da mai mai yawa, a murza ta yi faɗi, a shimfiɗa a kwano, a zuba tuffa, a rufe da wani murjin. Abu ne mai cin mai, mai cin lokaci, kuma sai gwana.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, Ingila tana sayo wajen kashi biyu cikin uku na abincinta daga ƙetare, ga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya. Ran 8 ga Janairu, 1940, Gwamnati ta fara raba abinci da kati. Bota da sukari suna cikin na farko. Rabon yakan hau yakan sauka, amma yawancin shekarun yaƙi babban mutum yana samun sukari oza 8, da bota oza 2, da majarin oza 4, a mako guda. Ƙwai kuwa guda ɗaya a mako, in an samu. Akawu ya ɗauki alƙalami ya lissafa: oza 2 ba ta kai giram 60 ba, da ita za a shafa wa burodi har kwana bakwai.

A nan ƙasarmu ta shiga labarin. Bayan da Japan ta kame ƙasashen Gabas mai nisa a 1942, sai Ingila ta dogara ƙwarai ga Afirka ta Yamma wajen mai. Gyaɗar da ake tarawa a Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko, tana cikin abin da aka matse aka yi majarin da shi.

Da wannan ɗan rabo uwargida ba ta iya yin fai sai ta hana yara abin shafa wa burodi. Ga tuffa kuwa tana zuba a bayan gida, ita ba a raba ta da kati. Sai mata suka koma ga wata hanya mai sauƙi. Maimakon murji biyu, sai su marmasa ɗan mai cikin fulawa da ɗan sukari, su barbaɗa bisa tuffar kawai. Wajen rabin man fai ya isa, ba ƙwai, ba madara. In fulawar ta gaza a ƙara ɓurɓushin busasshen burodi. Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana, amma wannan karon abin ya zo da daɗi. An daina rabon sukari a 1953, an rufe rabon abinci duka a 1954, bota ta wadata, duk da haka ba su bar kirambul ba. Yaran da suka ci shi a gida da makaranta suka girma suka koya wa nasu.

Su Amurkawa sun riga sun san irinsa, gama akwai shi cikin wani littafin girki nasu na 1924. Bambancin nasu shi ne sukan ƙara ot, hatsin nan da muka sani cikin gwangwanin Quaker, da jan sukari, da kirfa, wani lokaci da dakakken gyaɗar itace. Shi ya sa nasu ya fi ƙara a baki.

YADDA AKE YINSA

Ga awon da zai ishi mutum biyar ko shida:

Tuffa laba 2 (giram 900), da sukari oza 2 (giram 55) na barbaɗa mata, da rabin ƙaramin cokali na garin kirfa.

Na ɓurɓushi: fulawa oza 6 (giram 170), bota ko majarin oza 3 (giram 85), sukari oza 3 (giram 85), da ɗan gishiri. Mai son irin na Amurka ya rage fulawa oza 2 ya maye da ot.

Da fari a hura tanderu ya yi zafi, awo 190 a ma'aunin Salshiyas. A fere tuffar, a cire tsakiyarta mai 'ya'ya, a yanka kamar kaurin ɗan yatsa. A zuba cikin kwanon gashi mai ɗan zurfi, a barbaɗa sukari da kirfa, a juya.

Sa'an nan a tankaɗe fulawa a wani kwano, a yayyanka bota a ciki tana da sanyi. A riƙa murtsuka da kan yatsu, ana ɗagawa ana saki, har ya zama kamar tsakin masara, da 'yan dunƙule-dunƙule nan da can. A zuba sukari da gishiri a gauraya. A barbaɗa bisa tuffar har ya rufe ta, kada a danna. A gasa minti 35 zuwa 40, sai saman ya yi ja kamar ƙuli-ƙuli, ruwan tuffa yana tafasa yana ɓullowa ta gefe. A sauke a bar shi ya huce minti 10.

Muna jan kunnen mai gwadawa kan abu biyu. Na ɗaya, kada a sa wa ɓurɓushin ruwa ko ɗigo. Fulawa in ta sha ruwa aka juya ta, danƙo take yi, wanda shi ake nema a burodi. A nan kuwa mai ne ke lulluɓe garin ya hana danƙon, shi ya sa yake marmashewa a baki. Na biyu, kada botar ta narke kafin ta shiga wuta. In ta narke a hannu sai abin ya cure ya zama ƙullu. Saboda haka da kan yatsu ake yi, tafin hannu ya cika ɗumi.

Mutanen Ingila sukan ci shi da ɗuminsa, su kwarara masa kastad. Shi ma garin kastad ɗin dabarar rashi ce: wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙago shi a 1837 domin ƙwai ba ya karɓar matarsa. Amurkawa sun fi son ɗora masa askirim.

GA MAI SON GWADAWA A NAN

Tuffar da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinta daga Afirka ta Kudu ake kawo ta, kuma ta ci ɗanya ce, mai zaƙi. Wadda ta fi kusa da Bramley ita ce koriyar nan shar mai ɗan tsami, Granny Smith. In ja ko rawaya aka samu, sai a rage sukarinta da rabi, a matsa mata lemon tsami guda. Irin waɗannan ba sa saurin narkewa, don haka a yanka su sirara. Mai sayarwa yakan karya kuɗin waɗanda suka bugu, su kuwa daidai suke da wannan aiki. Saboda zafin ƙasarmu, a sa bota a firji ko a cikin kwano bisa ruwan randa kafin a fara. Lokacin hunturu aikin ya fi sauƙi, cin ma ya fi daɗi. Wadda ba ta da tanderu ta yi yadda ake gasa kek: yashi a gindin babbar tukunya, kwano a bisa, a rufe, a zuba garwashi kan murfi, domin saman ne ya fi bukatar wuta.

Abin lura a nan shi ne, kayan wannan abinci duk abin da aka raina ne. Tuffa ce mai tsami wadda ba a iya ci ɗanya, ta faɗo ta bugu, ga ɗan mai wanda bai isa fai ba. Matan da suka haɗa su ba su bar sunayensu a littafi ba, kamar yadda yarinyar Southwell ba ta bar nata a kan tuffarta ba. Amma sun hana kaka ta ruɓe a ƙasa, sun kuma sa yara sun kwanta da zaƙi a baki cikin shekarun tsoro. Duk mai albashi ya san kwanakin da wata ya yi nisa. Gwanintar gida a irin waɗannan kwanaki ake ganinta, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.